Sawun da Bai Fito Ba

Gwaggo Zeban ce ta fara gani. Ranar Alhamis da hantsi ta ɗauki kwanon nonon awakinta ta shiga kufan Kot Gamman za ta kai hubbaren Waliyyi, kamar yadda ta saba, sai ga ta ta fito a guje ba kwano ba mayafi. Matar da ta ba saba'in baya, gwiwa duk sanyi, amma ranar ko maraƙi ba zai kamo ta ba. Ina wanke kofuna a rumfar shayina ta zo ta zube a gabana.

"An tone shi! Ditta, an tone Waliyyi! Kuma fitilarsa tana ci!"

Kafin in gama naɗa rawani gari ya cika a bakin ganuwa. Kot Gamman dai tsohuwar ganuwa ce ta jan bulo wadda rabinta ya zube, da busasshiyar rijiya, da jemagu, sai hubbaren a tsakiyar farfajiya. Ba wanda ya san sunan wanda ke kwance a ciki. Waliyyi kawai muke cewa, kuma shi ke riƙe mana ruwan sama da lafiyar dabbobi, in ji iyayenmu.

Mai garinmu, Wadera Sarbuland, ya gitta sandarsa a ƙofa ya hana kowa shiga, don kada a tattake sawu. Talata da Laraba duk garin muna biki a ƙauyen gangare, kuma kafin mu tafi mata sun share farfajiyar, yashinta ya kwanta sumul. Ban da sawun Gwaggo da ya bi gefen bango, abin da ke kan yashin nan layi biyu ne na takalmin roba mai zanen ƙashin kifi. Dukansu biyu sun tashi daga bakin ganuwa sun nufi ƙofar hubbare. Babu ko ɗaya da ya fito.

Wata mata a bayana ta ce, "Sau biyu ya shiga, bai fita ba." Wani ya ce ai ƙasa ce ta haɗiye shi. Wani kuma ya ce, "To in ta haɗiye shi karon farko, wa ya sake shiga?" Ni kuwa na san takalmin, kuma duk wanda ke tsaye a wurin ya san shi. Na ƙanena ne, Nihal.

*

Nihal ya yi shekara goma sha biyu yana aiki a Maskat, can ƙasar Oman. Wasu sun dawo da kuɗin gona, wasu da mota, shi kuwa ya dawo mana da injin neman ƙarfe: sanda mai faifai a gindi, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Kullum yana zagaye kufan yana lilo da ita dama da hagu, ya tono korayen tsabobi, da kan kibiya, da ƙusoshin ƙofofin mutanen da, ya sayar wa Karamat mai sayen tsofaffin kaya. Takalmin roban ma don injin ya saye shi, saboda namu na fata ƙusa gare su, injin sai ya yi ta yi wa ƙafar mai shi kuka.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma Nihal baki gare shi. Wata guda kafin wannan rana, a rumfata, gaban mutane, ya ce ya bi bayan bangon hubbare da injinsa, injin ya yi kuka daidai saitin kan Waliyyi. "Ku gaya mini," in ji shi yana dariya, "wane Musulmi ake binnewa da ƙarfe? Likkafani dai ba shi da aljihu." Na jefe shi da murfin buta, amma magana zarar bunu ce.

Samari suka ruga gidansa suka tarar da shi yana sharar barci. A rumfar bayan gida, wadda ko ƙyaure ba ta da shi, suka sami injin da takalman, faifan duk jar ƙasa. Suka jawo shi har gaban Wadera yana rantse-rantse.

"Lala, wallahi ban shiga ba! Ka faɗa musu!" Lala shi ne yadda ƙane ke kiran wansa a wurinmu, kuma rabon da Nihal ya kira ni haka tun yana yaro.

Wadera ya ce, "Tunda ka musa, wuta za ta raba. Da la'asar."

A ƙasarmu in aka tuhumi mutum da abin da ba shaida, akan haƙa rami mai tsawon taku bakwai, a cika shi da garwashin bagaruwa, mai hidimar hubbare ya yi addu'a a kai, mutum ya taka ba takalmi. In ƙafa ta fito lafiya an wanke shi. In ta yi bororo, shi da ƙasar nan har abada, in ma fushin mutane ya bar shi ya kai bakin hanya. Ina jin haushin Nihal kamar in shaƙe shi, amma uwarmu ɗaya, kuma a hannuna ta bar shi. Na tashi babur na tafi ɗauko Jindwada.

*

Jindwada mai bin sawu ne, gadon uba da kaka. Ɗan siririn tsoho, kansa kullum a sunkuye, har ana tsokanarsa cewa bai san fuskar matarsa ba sai tafin ƙafarta. Ya taɓa bin raƙumar da aka sace kwana tara, ya dawo da ita da ɗan da ta haifa a hanya.

Da muka iso bai nufi kufai ba. Ya ce a kai shi wurin Nihal, wanda aka ɗaure a gindin bishiya kusa da inda ake haƙa ramin. Ya tsuguna ya ɗaga ƙafar ƙanena, ya danna tafin da babban yatsa.

"Kai, wannan ƙafa ce ko kuncin jariri? Shekara nawa kana sa safa?"

"Sha biyu, Kawu."

Jindwada ya ja ni gefe. "Ditta, ƙafar nan za ta ƙone ko shi ne ko ba shi ba ne. Wuta kaushi take dubawa. Kada ka ce ni na faɗa."

Na dubi rana, ta kusa tsakiya, ga samari suna ta jibga itace.

A farfajiya an riga an kife kwanoni a kan sawun da suka fi fita, kamar yadda ake yi. Jindwada ya bi layin farko a tsugune, yana buɗewa yana rufewa. Ya dawo ya bi na biyu, a wannan karon leɓensa yana motsi. Iska tana shiga ramukan ganuwa tana wani irin gurnani.

"Takalmin na Nihal ne," ya ce, "amma takalmi ba ya tafiya da kansa. Nihal yana jefa ƙafar dama waje saboda lilon injinsa. Wannan kuwa jan takalmin yake yi, bai saba da shi ba."

"To layi biyun fa, Kawu? Aljani ne?"

"Aljanin da ke aron takalmin roba? Zo ka gani." Ya nuna mini da tsinke. "Mai tafiya gaba, yatsunsa ke tura yashi baya. Dubi layin nan. Diddige ne ya nutse, taku gajere, ƙafafu a buɗe. Da baya ya fito. Taku sittin da uku, daga ƙofar hubbare har bakin ganuwa, bai juya ba ko sau ɗaya."

"Ɓarayin shanu ke nan! Su ke tafiya da baya don su ɓatar da mai bi."

"Haka suke yi," in ji shi.

Muka tuɓe takalma muka shiga hubbaren. Sanyi da warin jemagu suka tarbe mu. Daɓen bulo ne, ba ya riƙe sawu. An ɗage koren mayafin kabarin an ninke shi tsaf an ajiye gefe. Wajen kai akwai rami mai zurfin kamu biyu, kuma a gindinsa, cikin jar ƙasa, ga gurbin wani abu mai lanƙwasa da aka cire, ya bar tabon tsatsa. Na kau da kai, ban so in ga abin da ya wuce haka. Jindwada kuwa fitilar ƙasa da ke ƙaramar taga ya tsura wa ido. Ya tsoma yatsa a ciki, da sauran mai a cikinta.

"Ɓarawon nan yana da ladabi," ya ce.

*

Mutum huɗu ne ba su je bikin ba: Nihal, wanda ya yi faɗa da dangin ango, da Gwaggo Zeban saboda awakinta, da Karamat wanda aka ga babur ɗinsa a gari ranar Laraba, sai Baba Hayat mai hidimar hubbare, da zazzaɓi ya kwantar.

Gwaggo muka fara samu, tana zaune a ƙofar gidanta tana kuka. Na ɗauka tonon ne ya sa ta.

"Ba shi ba ne, ɗan nan. Shekara hamsin in na fito daga wurinsa sai na yi taku bakwai da baya kafin in juya, kamar kowa. Yau tsoro ya sa na juya masa ƙeya tun daga bakin kabari. Da wane ido zan koma?"

"Zai yafe miki, Yaya," in ji Jindwada. "Ranar Laraba me kika gani?"

"Ban gani ba, ji na yi. Ina kiwo a bayan ganuwa, rana tsaka, sai na ji kukan abin nan na Nihal daga ciki. Ba irin yadda yake yi masa tsit-tsit ba, a'a, kuka ɗaya dogo, kamar an taka wutsiyar kare an ƙi ɗagawa. Na kora awakina na gudu."

Nihal, ko me za a ce da shi, ya iya injinsa. Ba ya barinsa ya yi dogon kuka, don batir tsada gare shi.

Karamat muka tarar a bakin hanya yana ɗaure buhu a bayan babur, da alamar mai shirin barin gari. Na cafke masa wuyan riga kafin Jindwada ya buɗe baki.

"Me ke cikin buhun, munafuki?"

"Sake ni, Ditta! Kai da shayinka mai kama da ruwan wanki!"

Na zazzage buhun a ƙasa. Tsabobi, fasasshen tulun tagulla, da wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsatsa. Na ce a raina shi ke nan an gama. Jindwada ya ɗauka ya shinshina, ya kankare shi da farce.

"Mariƙin guga ne, kuma ƙasar jikinsa baƙa ce, ta bakin kogi. Karamat, me ya sa kake gudu?"

"Kawu, in wuta ta kama Nihal wa za a waiwaya? Ni da nake sayen kayansa mana. Ranar Laraba na zo, na leƙa rumfarsa ban ga injin ba, na ce ya fita aiki, na juya."

"Shi Nihal ɗin ka gan shi?"

"Na ji minsharinsa ta taga. Na yi mamaki ma, na ce yau injin ya fita kiwo shi kaɗai."

Jindwada ya dubi ƙafafun Karamat, manya kamar faranti, waɗanda ko rabinsu ba zai shiga takalmin Nihal ba. Ya ce ya kwance buhunsa, ba inda za shi sai bayan la'asar.

Ɗakin Baba Hayat yana jingine da ganuwa daga waje. Shekara arba'in da ɗaya yana hidimar hubbaren, bayan ubansa da kakansa, bai taɓa kwana a wani gari ba, bai taɓa sa takalmi ba. Shi ya yi mini addu'a ranar aurena, shi ya tofa wa 'yata ruwa lokacin da ta yi ƙyanda. Muka same shi kwance ya juya fuska bango, ya rame kamar wanda ya yi wata yana ciwo.

"Sannu, Baba. Jiki fa?"

"Da sauƙi, Jindwada. Kwana biyu ban iya ɗaga kai ba. Ban ji komai ba, ban ga kowa ba."

"Allah ya ƙara sauƙi. Fitilar hubbare, kwana nawa manta ke yi?"

Baba ya ƙara matsawa jikin bango. "Yini da kwana."

"To ka iya fitowa da la'asar? Ba mai yi wa wuta addu'a sai kai."

"Zan fito," in ji shi, muryarsa can ƙasa.

Da muka fita na ce, "Kawu, rana tana tafiya, kai kuma kana tambayar man fitila! Wane ne?"

"In na faɗi suna da bakina, ni za a jefa a ramin can. Bari ƙafa ta faɗa."

*

Da la'asar garwashi ya yi jajur, zafinsa yana dukan fuska tun daga nesa. An kwance Nihal an wanke masa ƙafafu. Jindwada ya je gaban Wadera ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, alfarma ɗaya. Kafin wuta, mutum huɗun da ba su je biki ba su shiga hubbare ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dafa kabari ya rantse. A share musu gefe guda na farfajiya, kowa da layinsa."

Wadera ya yarda, don ba a hana rantsuwa. Mata suka share, gari ya jeru a bakin ganuwa da kan ɓaraguzai. Kowa ya kasa kunne ya ji muryar wa za ta yi rawa. Na lura Jindwada ko kallon ƙofar hubbaren ba ya yi, yana zaune a ƙasa yana wasa da tsinkensa.

Gwaggo Zeban ta shiga ta rantse, ta fito da baya tana ƙirgawa a fili, ɗaya har bakwai, ta ƙara ɗaya na biyan bashin safe, sannan ta juya. Karamat ya yi taku uku kacal a gurguje ya juya. Nihal, ɗan banza, ko a wannan hali fitowa ya yi kai tsaye ya ba kabarin baya, mutane suka yi ta tsaki da salati.

Sai Baba Hayat. Ya shiga a hankali, muka ji muryarsa ta yi rantsuwar ba gargada. Ya fito da baya, hannu a ƙirji, fuska ga ƙofa. Ɗaya, biyu, har bakwai. A na bakwai ya tsaya. Ya dubi sabon yashin da aka share, ya dubi kwanonin da ke kife a ɗaya gefen, sannan ya dubi Jindwada. Na ga lokacin da ya gane. Kafaɗarsa ta fara juyawa, ta yi rabi, ta tsaya tana karkarwa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba, amma har na ji faɗuwar garwashi a rami daga bayanmu. Sai kafaɗar ta koma inda take, ƙafarsa ta ɗaga ta yi baya. Takwas. Tara.

Jindwada ya fara ƙirgawa da ƙarfi, yana tafe a gefensa yana buɗe kwanoni ɗaya bayan ɗaya. Duk inda Baba ya sa diddige, ga na takalmin roba a saitinsa, tsawon taku ɗaya, buɗewar ƙafa ɗaya. Da dunduniyar Baba ta taɓa bulon bakin ganuwa, Jindwada ya ce, "Sittin da uku."

Ya juya ga jama'a. "Ku kuna zuwa da rana ku tattake wurin ku tafi, shi ne na ƙarshen fita kullum, ba mai ganinsa. Ni kuwa shekara talatin ina ganin sawun Baba Hayat a farfajiyar nan da sassafe, ban taɓa ganin wanda ya fito ba. Kuma ban taɓa jin ɓarawon da ya tone kabari ya ninke mayafi ya cika fitila da mai ba."

Wadera ya ce, da murya kamar ba tasa ba, "Baba, ka ce ƙarya ne."

Baba Hayat ya sa hannu a cikin rigarsa ya fito da wani abu a naɗe cikin tsumma. Ya warware ya ajiye a kan yashi. Ƙarfe ne mai lanƙwasa, da zobe a kowane gefe, tsatsa ta cinye shi. Garin masu dabbobi ne, ba wanda ya buƙaci a gaya masa. Linzamin doki ne.

"A bakinsa na same shi," in ji Baba. "Tsakanin haƙora. Dogon kai, haƙora irin wannan." Ya gwada da yatsunsa. "Tun ranar da yaron nan ya yi maganarsa a rumfar Ditta ban ƙara barcin kirki ba. Wane Musulmi ake binnewa da ƙarfe? Na ce bari in duba in huta, in mayar da ƙasa ba wanda ya sani. Da na gani, hannuna ya kasa ɗaukar ƙasar. Kakana, da ubana, da ni. Dokin wani sarkin yaƙi muke ta shafa wa mai."

Wata mata ta fashe da kuka. Gwaggo Zeban ta zauna daɓas a ƙasa.

Jindwada ya ce a hankali, "To bayan ka gani, Baba, me ya sa ka fito da baya?"

"Idona ne ya gani. Ƙafata ba ta gani ba."

Tausayinsa ya so ya kama ni, sai na tuna takalman. Na tsallake sandar Wadera na tsaya a gabansa cikin fushi.

"Takalman fa, Baba? Su ma ƙafarka ce ta ɗauka ba da saninka ba?"

"A'a. Na san Jindwada zai karanta tafina."

"Kuma da ka tsaya a kan ramin can ka yi addu'a, ka kalli ƙanena ya taka?"

Ya dube ni ido cikin ido, mutumin da ya tofa wa 'yata ruwa. "Da na yi, Ditta. Na ce gara ƙafar mutum ɗaya da gari duka ya wayi gari ba shi da kowa."

Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba, kuma har yau ban gama yafe masa ba.

*

Ba wanda ya san abin yi. Baba Hayat ya ratsa ta tsakiyarmu, mutane suna darewa, ya nufi ramin wuta.

"An hura ta saboda mai laifi," ya ce. "Ga shi ya zo."

Kafin a riƙe shi ya taka. Taku bakwai, ba sauri, garwashi yana ƙara a ƙarƙashinsa, hayaƙi yana tashi ta gefen zanensa. Ya fita ta ɗaya bakin ya zauna a ƙasa. Dattawa biyu, da yake hannu ya saba, suka kawo daron ruwa suka wanke ƙafafun suka ɗaga su ga haske. Suka duba, suka sake dubawa. Babu bororo ko ɗaya. Mutumin da ya amsa laifinsa da bakinsa a gaban gari, wuta ta ce ba shi da laifi.

Na ga tsofaffi suna kallon ramin, na san abin da suke tunawa, don ni ma shi nake tunawa: mutum uku aka kora daga garin nan a tsawon rayuwata a kan shaidar wutar nan, ɗaya ma a hanya ya mutu. Jindwada ya tattara tsinkensa, ya ce in mayar da shi gida kafin shanunsa su dawo.

Washegari ba a ga Baba Hayat ba. Jindwada ya ce sawunsa ya bi hanyar tsauni, kuma ba zai bi shi ba ko an ba shi raƙumi. Aka mayar da ƙasar kabarin, linzamin ma aka mayar, don ba wanda ya yarda ya kwana da shi a gidansa. Wadera ya sa aka cike ramin wuta, ba a kuma sake haƙa wani ba. Hubbaren kuwa an daina zuwa da rana a taro, amma wani yana cika fitilar, kuma ban tambayi ko wane ne ba.

Nihal ya jingine injinsa a rumfata, ya ce in sayar ko in jefa rijiya. A yammacin ranar wutar, da na dawo daga kai Jindwada, na tarar da shi zaune a kan bencina ya ɗora ƙafa ɗaya a cinya yana kallon tafinta.

"Lala, da na taka, da na ƙone ko?"

Na ce, "Da ka ƙone."

"Kuma da kai ma ka yarda ni ne."

Na so in ce a'a. Na zuba masa shayi, na ƙara masa sukari cokali biyu, na tura masa kofin. Ya karɓa, bai sake tambayata ba.